Idan Muka Ce wa Yaro Allah Na Ganinsa

Maganar farko da yawancin yaranmu suke ji game da Allah daga bakinmu gargaɗi ce. Yaro ya miƙa hannu cikin tukunya, uwa ta ce, "Allah na ganinka." Ya leƙa takardar na kusa da shi ranar jarrabawa, mushe ya ce, "Ko ni ban gani ba, Allah na gani." Ya riƙe canjin cefane a aljihu, nan ma haka. A gidan Kirista ana faɗi, a gidan Musulmi ana faɗi, kuma gaskiya ce da ba mai musu. Sai dai da yake kusan kullum da ɗaure fuska ake faɗinta, kuma a daidai lokacin da aka yi laifi, yaro yakan tashi da wani hoto a ransa. Allah a wurinsa kamar sufeton makarantu ne, mai faɗowa ba sanarwa, ya zauna a bayan aji da biro a hannu, ba ya dariya, yana rubuta duk abin da bai yi daidai ba. Mu malamai mun san yadda gaba ke faɗuwa in aka ce motarsa ta tsaya a ƙofa. Ba wanda ke murnar kusancin sufeto. Jira ake ya tafi a numfasa.

Ni Kirista ne. Ina koyarwa a lakwal ta gwamnati a jihar Maraɗi, ran Lahadi kuma ina zama da yaran ikilisiyarmu a gindin bedi bayan majami'a. Abin da zan faɗa daga bangaskiyata ya fito, ba zan ɓoye ba. Na kuma san yawancin masu karanta wannan Musulmi ne, abokan aiki da maƙwabta, amma abin da ya sa ni rubutu ba ya tambayar addinin gida kafin ya shiga.

Hoton sufeton nan yana iya riƙe yaro a kan hanya muddin komi lafiya. Ranar mutuwa yake karyewa. Duk malamin da ya daɗe a ƙauye ya san watan Oktoba. Ana komawa lakwal bayan masassarar cizon sauro ta ci kasuwarta ta Agusta da Satumba, ka buɗe rajista kana kiran suna, sai ka kai kan wani suna aji ya yi tsit. Can daga baya wani ya ce, "Mushe, ta rasu da damina." Alli yana hannunka, darasi yana jiranka, yara saba'in sun zuba maka ido su ga abin da fuskarka za ta yi. An koya mana tsara darasin lissafi minti bayan minti. Wannan mintin ba ya cikin tsarin.

Sai kuma shekarar 2021, wadda iyaye a ƙasar nan ba za su manta ba. Ran 13 ga Afrilu wuta ta tashi a azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara wajen 20 suka mutu, galibinsu ƙanana ƴan ajin reno. Ba a cika wata bakwai ba, ran Litinin 8 ga Nuwamba, aka sake yi a cikin garin Maraɗi. Aƙalla yara 25, ƴan shekara 5 zuwa 6, suka fita gida da safe ba su komo ba. Aka yi zaman makoki na kwana 3 a jihar.

Ɗiyata tana da shekara 7 a lokacin, ita ma a ajin zana take karatu. Ta ji labarin a bakin yara tun kafin in iso gida. Ba ta ce komi ba har aka ci tuwo aka shimfiɗa tabarma. Sai da aka kashe fitila ta ce, "Baba, Allah ya gan su?" Na ce ya gan su. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "To me suka yi?"

Ku dubi lissafin da ta yi, ba kuskure a cikinsa. Duk ranar da ta ji an ce Allah na gani, laifi aka yi. Yanzu an ce ya ga waɗannan yara. Ke nan sun yi wani abu. Da kayan da manya suka ba ta ta gina wannan ɗaki, kuma da ba ta yi tambaya ba, a cikinsa za ta kwana.

Akwai wata mace a Littafi Mai Tsarki da ta faɗi kusan wannan magana tamu, amma da wata murya dabam. Ita ce Hajaratu, baiwar Saratu, mutuniyar Masar, wadda maƙwabtanmu suka sani da Hajara uwar Annabi Isma'ila. A Farawa sura 16 ta gudu daga gidan Ibrahim da ciki, don uwargijiyarta ta matsa mata lamba. Ba ta da dangi a ƙasar, hanyar da ta kama kuwa ta hamada ce mai zuwa wajen Masar. A bakin wata maɓuɓɓuga mala'ikan Ubangiji ya same ta. In ka karanta surar a hankali za ka ga wani abu: duk maganar da Ibrahim da Saratu suka yi a kanta, ba wanda ya ambaci sunanta, baiwa kawai suke cewa. Mala'ikan ne ya fara kiranta da suna. Ya tambaye ta inda ta fito da inda za ta, ya gaya mata sunan da za ta sa wa ɗan da ke cikinta, wanda ma'anarsa Allah yana ji. Ita kuma ta raɗa wa Allah suna, mai ma'anar wanda yake ganinta. Masu nazari sukan lura cewa a duk Tsohon Alkawari ita kaɗai ta yi haka. An kuma ce mata ta koma gidan da ta gudo, wannan yana da nauyi a kunne, ba zan yi kamar babu shi a labarin ba. Amma ta koma da abin da ba ta fito da shi ba: ta san akwai mai ganinta, kuma ba laifinta ya zo ƙirgawa ba.

A sura 21 abin ya fi haka tsanani. Yanzu korarta aka yi, ita da yaron, da ɗan guzuri da salkar ruwa. Suka yi ta yawo a jejin Biyer-sheba har ruwan ya ƙare. Ta kwantar da yaron a gindin wani ɗan itace, ta matsa kamar nisan harbin kibiya ta zauna tana kuka, don ba za ta iya kallon mutuwarsa ba. Duk uwar da ta taɓa fitowa daga ɗakin gidan likita ta jingina da bango a waje, tana jin numfashin ɗanta ta taga amma ta kasa shiga, ta san wannan nisan. Labarin ya ce Allah ya ji muryar yaron a daidai inda yake kwance, ya buɗe idon uwar, ta ga rijiya.

Wannan labarin na ba ɗiyata a cikin duhu. Na ce mata irin wannan ganin Allah ya yi wa yaran Maraɗi, ya san sunan kowanensu, ya ji muryar kowanensu, kuma ba su yi komi ba.

Yaro mai wayo zai ce, to ai ɗan Hajaratu ya rayu, ina rijiyar namu? Tambaya ce ta gaskiya, kada a tsawata wa mai yinta. Littafi Mai Tsarki bai jera mana dalilin kowace mutuwa ɗaya bayan ɗaya ba. Ayuba ya binne ƴaƴa goma, ya yi ta neman dalili, da Allah ya amsa masa daga sura 38 bai faɗa masa dalilin ba. Amma akwai amsar da Littafin ya ƙi ƙiri-ƙiri, ita ce wadda abokan Ayuba suka kawo, cewa tun da masifa ta same ka lalle akwai abin da ka ɓoye. A ƙarshen littafin su Allah ya tsawata wa. A Luka sura 13 ma Yesu ya ɗauko labarin wata hasumiya da ta faɗi a Siluwam ta kashe mutum 18, ya ce waɗannan ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba, ya juya maganar tuba kan masu sauraronsa. Saboda haka in na ji babba yana gaya wa yara cewa gobara ko masassara horo ne saboda zunubin wanda ya mutu ko na iyayensa, na san ba daga Linjila ya samo ba.

Abin da bangaskiyar Kirista ta ba ni a maimakon dalili shi ne wannan: Allah bai tsaya a bayan aji ba, ya shigo ya zauna a tabarma. Ma'anar sunan Immanuwel ke nan, da muke ta rerawa a Kirsimeti har mun daina jin nauyinsa. Wurin da na fi ganin haka shi ne Yahaya sura 11. Li'azaru ya mutu a Betanya, ƙauye mai nisan kilomita 3 daga Urushalima, Yesu kuwa bai iso ba sai da ya kwana huɗu a kabari. Ƴan'uwansa mata biyu, Marta da Maryamu, kowacce ta tare shi da magana ɗaya, cewa da yana nan da ɗan'uwansu bai mutu ba. Ƙorafi ne, ko ta ina ka juya shi. Bai ce musu sun yi saɓo ba. Ya tambayi inda aka sa shi, ya bi su, ya zubar da hawaye a gaban jama'a, alhali ya san cikin ɗan lokaci zai kira mamacin ya fito. In wanda yake da ikon ta da matacce bai ga kuka ɓata lokaci ba ne, ni wane ne da zan ce wa ɗan shekara takwas ya share ido, maza ba sa kuka? Bayan ƴan kwanaki shi kansa ya sha mutuwa a kan gicciye, uwarsa tana tsaye tana kallo. Mu Kirista a nan muke tsayawa in an tambaye mu ina Allah yake lokacin da yaro ke shan azaba. Muna cewa ya san abin daga ciki.

Mu Hausawa mutanen haƙuri ne, ina kuma girmama wannan. "Ya haƙuri?" ita ce gaisuwarmu a gidan rasuwa, kuma ta riƙe mutane da yawa da suka kusa zubewa. Sai dai haƙurin manya yakan zama shiru ga yara. Ana wanka, ana sutura, ana kai gawa, su kuwa an tura su gidan maƙwabta. Sun komo sun tarar da tabarma ba mai ita, ba wanda ya zaunar da su ya yi musu bayani. Ga kuma kunya, wadda kan hana uwa nuna baƙin cikinta a fili, musamman in ɗan fari ne. Yaro yana kallo, ya ga ba wanda ya yi kuka a gabansa, ba wanda ya sake ambaton sunan, sai ya ɗauka haka za a yi in shi ne. Kakanninmu dai ba su kasance marasa ji ba. Ku saurari sunayen da sukan sa wa ɗan da aka haifa bayan an binne na gabansa. Ajuji, Ayashe, don a nuna kamar ba a damu da shi ba ko mutuwa ta wuce shi. Barmani kuwa addu'a ce tsirara, uwa ce take cewa a bar mata wannan. Ba ka faɗa wa na nesa haka. Wanda kake zaton yana jinka kake roƙo.

Akwai maganganu biyu ko uku da ake yi wa yara da kyakkyawar niyya waɗanda nake roƙon iyaye su bari. "Ya yi tafiya" tana sa ƙaramin yaro ya riƙa leƙa ƙofa duk lokacin da ya ji ƙarar mota. "Barci take" tana sa shi tsoron kwanciya. Na san Yesu ya faɗi haka a kan ɗiyar Yayirus a Markus sura 5, yarinya ƴar shekara 12, tsarar ƴan CM2, amma shi ya kama hannunta nan take ta tashi, har ya ce a ba ta abinci. Mu ba mu da wannan hannun. Wadda ta fi damuna ita ce, "Allah ya ɗauke ta don yana sonta." Na taɓa ganin yaron da ya daina addu'ar dare bayan ya ji wannan, don kada Allah ya so shi shi ma. A ce masa ta mutu, jikinta ya daina aiki, ba za ta komo gidan nan ba, tana hannun Allah, kuma ba laifin kowa a cikin yaran ba ne. Yaro yana iya ɗaukar gaskiya in babba yana riƙe da shi lokacin da ake faɗinta.

Kalmar rahama da muka aro daga Larabci tana da ƴar'uwa a Ibrananci, harshen Tsohon Alkawari, kuma a duka biyun tushenta ɗaya da kalmar mahaifa. Wato abin da uwa ke ji a cikinta game da ɗan da ta ɗauka, shi aka ara don a faɗi halin Allah. Annabi Ishaya a sura 49 ya kai maganar ƙarshe, ya ce ko da mai shayarwa za ta manta da jaririnta, Allah ba zai manta da mutanensa ba. Tamu kalmar, jinƙai, ita ma da ji ta fara. Amma yaro ba ya koyon jinƙai daga ƙamus, daga fuskar babba yake karanta shi, galibi ranar da ya yi laifi. A Luka sura 15 akwai ɗan da ya karɓi gadonsa tun ubansa yana da rai, ya tafi ya cinye, ya komo a tsiyace yana ta shirya abin da zai faɗa a hanya. Uban ya hango shi tun daga nesa, ke nan yana duban hanyar, kuma ya sheƙa a guje ya rungume shi. Ku kawo wannan garinmu: dattijo mai furfura, da babbar riga, ya tattare ta yana gudu a tsakiyar gari don ɗan da ya kunyata shi. Za a yi sati ana maganar a majalisa. Yaran makarantar Lahadi sukan yi dariya in na kwatanta musu gudun, kuma dariyar tana da amfani, don ta nan suke gane cewa uban ya zubar da girmansa ne da gangan. Shi ma gani ne daga nesa, amma na mai jira. Ba cewa nake a daina horo ba, aji mai yara saba'in ba ya tafiya ba doka. Cewa nake yaron da bai taɓa jin "Allah na ganinka" ba sai da bulala a sama, ya kamata ya ji ta kuma ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, da ranar da ya faɗi jarrabawa, da ranar da aka bar shi shi kaɗai a gona yana tsoro.

A ajina na gwamnati ba na buɗe Littafi Mai Tsarki. Iyaye sun ba ni amanar ƴaƴansu in koya musu karatu da lissafi, addinin yaro kuwa na gidansu ne, ba zan shiga ta bayan gida ba, balle a ranar da zuciyarsa take a buɗe. Amma akwai abin da bangaskiyata take sa ni yi wanda ba ya bukatar wa'azi. In na kai kan sunan da aji ya yi wa tsit, nakan ajiye alli. In faɗi sunan sosai, in tambayi wa ke zama kusa da ita, in bar su su faɗi abin da suke tunawa, ko da cewa ne ta iya gaɗa ko tana da rowar gyaɗa. Su yi mata addu'a yadda aka koya musu a gida. Ba na cike gurbinta a tabarma ranar. Da yamma mu je gaisuwa da ƴan ajin biyu ko uku, don uwar ta ga ba a share ɗiyarta kamar rubutun allo ba. Sannan in sa ido kan wadda take zama kusa da ita, domin ita ce bayan sati biyu za ta fara kasa karatu, ko ta riƙa kwantar da kai, wanda bai sani ba ya ce lalaci ne.

Yanzu maganar sama, kuma a nan sai an yi hattara, don begen sama yana da saurin zama matashin kai ga malalaci. Na ji masu cewa tun da yaran suna wurin Allah, magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. A Maimaitawar Shari'a 22:8 an umarci mai gina sabon gida ya yi wa soronsa rawani, don kada wani ya faɗo alhakin jininsa ya hau gidan. Dokar gini ce a tsakiyar littafin ibada. Allahn da ya damu da rawanin soro ya damu da ajin zana mai ƙofa ɗaya, da mai tuyar ƙosai da ta hura wuta jikin zanar, da rashin ko tulun ruwa a kusa. Bayan gobarar Maraɗi gwamnati ta hana sa ƴan ajin reno a azuzuwan zana, amma zana ba ta ƙare a lakwal-lakwal ɗinmu ba, kowa ya sani. Abin da iyaye da kwamitin COGES za su iya yi kafin siminti ya iso ba ƙarami ba ne: ƙofa biyu ga kowane aji, tazara tsakanin rumfa da rumfa, nisanta wuta, da koya wa yara fita a layi ba turereniya. Haka masassara. Tun 2013 ake raba wa yara ƴan wata 3 zuwa shekara 5 maganin rigakafi kowane wata da damina. Na ranar farko a gaban mai rabawa ake sha, na kwana biyun da suka rage yana hannun uwa, kuma a nan yakan ɓace. Galibin ƴan lakwal sun wuce wannan shekarun, abin da ya rage musu shi ne sange da saurin kai su gidan likita tun ranar da jiki ya yi zafi. Mutanen da suka buɗe asibitin Galmi a 1950, da na kutare a Danja a 1956, sun gaskata da sama ƙwarai, kuma wannan bai hana su wanke gyambo ba. Wanda ya gaskata cewa yaro yana da daraja har Allah zai tashe shi daga kabari, shi ya kamata ya fi kowa jin zafin ganin ya mutu don rashin ƙwaya uku.

Kakata ta haifi tara ta binne huɗu, a wani ƙauye kusa da Tsibiri, tun ba gidan likita a kusa. Ba ta yi boko mai nisa ba, ta dai iya haɗa baƙi har ta karanta Linjilarta ta Hausa da yatsa a kan layi. In aka zo maganar ƴaƴa ba ta cire huɗun nan, takan ce biyar suna nan, huɗu sun riga ta. Haka take faɗi kamar mai maganar waɗanda suka yi sammako zuwa kasuwa ita tana tafe. Wurin da ta fi so a karanta mata shi ne Markus sura 10, inda almajirai suka kori masu kawo yara, Yesu ya ji haushi, ya rungumi yaran ya sa musu albarka. Hujjarta ke nan, ba ta nemi wata ba. Wanda ya yi fushi don an hana yara zuwa wurinsa, in ji ta, ba zai rufe wa nata ƙofa ba. Ban taɓa jin ta ce mutuwarsu alheri ce ba. Har ta tsufa takan yi shiru in damina ta kama, don duka huɗun da damina suka tafi.

Yadda ake zana wa yara sama ma yana bukatar gyara. Gajimare, fararen kaya, tsayuwa ana waƙa ba iyaka: gaya wa ɗan shekara tara haka, a ransa zai ce taron Lahadi ne da ba a tashi. Littafin bai faɗe ta haka ba. A Wahayin Yahaya sura 21 birni ne yake saukowa, Allah ya zo ya zauna tare da mutane, shi da kansa yake share hawaye, ba aike yake yi ba. Ba mutuwa, ba makoki, ƙofofin birnin ba a rufe su. A sura 7 an ce rana ba za ta ƙara dukansu ba, ba yunwa ba ƙishi, wanda kuwa ya yi watan Afrilu a Tawa ko Damagaram ba sai an yi masa tafsiri ba. Ishaya 65 ya yi maganar lokacin da ba za a ƙara samun jaririn da ya yi kwanaki kaɗan ya mutu ba. Kuma begenmu tashin jiki ne. Yesu bayan tashinsa ya ci gasasshen kifi a gaban almajiransa, da tabon ƙusa a hannunsa, suka gane shi. Don haka nake iya ce wa yaro zai gane ƙanwarsa.

Amma wurin da na fi kai yara shi ne Zakariya 8:4-5, ayoyi biyu da ba a cika wa'azi a kansu ba. Annabin yana magana ne wajen shekara 500 kafin haihuwar Almasihu, da mutanen da suka komo daga bauta a Babila suka tarar da Urushalima kango, garu a rushe, mutane ƙalilan. Da zai kwatanta musu yadda birnin zai zama in Allah ya komo ya zauna a cikinsa, bai ambaci zinariya ko sojoji ba. Ya ce tsofaffi maza da mata za su zauna a fili kowa da sandarsa saboda yawan shekaru, titunan kuma su cika da yara maza da mata suna wasa. Alkawari ne ga wancan birni a wancan zamani, mu Kirista kuma muna jin ƙamshin na gaba a cikinsa. Dandali ke nan, da farin wata, tsofaffi a bakin zaure, ba wanda ake jiran labarinsa daga gidan likita.

Ran Lahadin da ta biyo gobarar na karanta wa yaranmu wannan wuri, na raba musu takarda na ce kowa ya zana. Ƴan mata suka zana da'irar gaɗa, wata ta sa kakarta a gefe da sanda fiye da tsawonta. Wani yaro, wanda ɗan maƙwabcinsu yana cikin waɗanda suka mutu, ya daɗe bai taɓa takardarsa ba. Can ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, akwai langa a can?" Na ce annabin ya ce titunan sun cika da masu wasa, ban ga yadda za a tara maza haka ba a yi langa ba. Ya sunkuya ya zana yara biyu, kowanne riƙe da ƙafa ɗaya, ya rubuta sunansa a ƙarƙashin ɗaya, ya zo ya tambaye ni yadda ake rubuta ɗayan sunan.